Yadda Ake Tsabtace Bakin Tsohon da Ba Ya Iya Yi wa Kansa

A yawancin gidajenmu, idan tsufa ko ciwo ya kwantar da mahaifi ko mahaifiya, 'ya'ya da jikoki ba sa kasawa wajen wanka da wanki da sauya shimfiɗa da ba da magani a kan lokaci, amma baki ne ake mantawa da shi, wani lokaci har tsawon watanni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya saba kurkure baki a kowace alwala, kuma aswakinsa ba ya rabuwa da aljihunsa, ya koma yin taimama a kan gado, ba tare da kowa ya lura cewa wankin da bakin yake samu sau biyar a rana ya tsaya ba. Na daɗe ina wannan hidima ga tsofaffi na gida da na maƙwabta, kuma bayanin da ke tafe na wanda aikin ya faɗo wa ne a karon farko.

Abin da mai kula yake buƙatar sani kafin ya fara ba shi da yawa. Akwai wata dauɗa fara-fara mai yauƙi da take taruwa daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Cike take da ƙwayoyin cuta, kurkura da ruwa ba ta fitar da ita sai an goge, kuma idan aka bar ta sai ta daskare ta zama kanta mai tauri wadda sai a asibiti ake iya kankare ta. A bakin tsoho dasashi ya riga ya ja baya, saiwar haƙori ta fito fili, ita kuwa saiwa ba ta da rufi mai ƙarfi irin na saman haƙori, don haka tana saurin ruɓewa. Haɗarin bai tsaya a baki ba: wanda yake kwance, musamman mai shanyewar ɓarin jiki, yawunsa yakan zarce hanyar numfashi ba tare da ya sani ba, kuma idan yawun nan yana ɗauke da dauɗa, ciwon huhu na iya biyo baya.

Kayan aiki

Na farko shi ne buroshi mai laushi mai ƙaramin kai. Na yara ya fi dacewa, domin yana shiga lungun turame ko da mutum bai buɗe baki sosai ba. Mai tauri, wanda mutane da dama suke ganin ya fi fitar da datti, yana kankare dasashi da saiwar haƙori ne kawai. Na biyu shi ne makilin mai sinadarin fuloraid, wanda yake kare haƙori daga ruɓewa; a duba jikin kwalinsa, adadin da ya dace da manya yana tsakanin 1350 da 1500 ppm (ma'aunin yawan sinadarin ke nan), kuma yawanci za a ga an rubuta 1450. Sai safar hannu ta roba, da tawul, da ƙaramar roba ta tofar da ruwa, da kofi ɗaya na ruwa mai ɗan ɗumi, da tocila, da basilin ko man kaɗe, da bandeji mai raga. Idan babu bandeji, farin ƙyalle mai laushi da aka wanke aka tafasa aka shanya ya wadatar, a yayyanka shi ƙanana. Auduga ba ta dace ba, domin tana barin zare a baki. Idan babu safar hannu, a yanke farce, a wanke hannu da sabulu kafin aiki da bayansa.

Tsofaffi da yawa ba su yarda da buroshi ba, aswaki suka sani, kuma babu dalilin yin jayayya da su a kan haka. Aswakin arak ko na darbejiya yana fitar da dauɗa idan an iya riƙe shi, matuƙar an tausasa bakinsa sosai. Ya tabbata a hadisi cewa a jinyar Manzon Allah (SAW) ta ƙarshe, Nana A'isha ce ta tauna aswaki ta tausasa shi kafin ta miƙa masa, kuma ambaton wannan yakan kwantar da hankalin dattijon da yake jin nauyin a yi masa. A jiƙa bakin aswakin a ruwa, a ɗan daddaka shi har ya yi gashi mai laushi, a cire tsinkayen da suka balle, a kuma riƙa yanke bakin da ya tsufa a kai a kai. Sai dai a sani cewa aswaki ba ya kai wa bayan haƙora ta wajen harshe yadda ya kamata, kuma ba ya maye gurbin makilin wajen kare saiwa daga ruɓewa. Abin da na fi so shi ne a bar masa aswakinsa da rana, a lallashe shi ya karɓi buroshi da dare. Toka da gawayi da busasshen gishiri kuwa a nisanta su daga bakin tsoho baki ɗaya, domin suna cinye saiwar da ta fito.

1. Zaɓen lokaci da neman izini

Ana yin wannan aiki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Idan hali ya sa sau ɗaya kawai za a samu, to a zaɓi na dare, saboda yawu yana raguwa a lokacin barci, kuma duk abin da ya kwana a baki yana da sa'o'i masu yawa na yin ɓarna. A nemi lokacin da babu baƙi a ɗakin, a saki labule, domin babu dattijon da yake son sirikai ko jikoki su ga ana buɗe masa baki. A gaya masa abin da za a yi kafin a taɓa shi, ko da ana zaton ba ya fahimta: "Baba, za mu ɗan wanke baki kafin a kwanta," ko "Inna, ga buroshi na kawo, ki ɗan buɗe mini kaɗan." Duk abin da yake iya yi da kansa a bar masa. Idan amosanin gaɓɓai ne ya hana shi damƙe buroshi, a naɗa ƙyalle a mariƙinsa har ya yi kauri a ɗaure da roba, sau da yawa wannan kaɗai yana mayar masa da aikin hannunsa, mai kula ya ƙarasa wuraren da bai kai ba.

2. Zaunar da shi

Wannan mataki ne da masu farawa suke raina wa, alhali a nan ne kuskure ya fi tsada. Ba a wanke bakin mutum yana kwance rigingine, ko da minti ɗaya ne, domin ruwa da kumfa za su gangara maƙogwaro ya ƙware. A zaunar da shi a kujera, ko a tada shi a jingina bayansa da matasai har ya kusa miƙewa, haɓarsa ta ɗan sunkuyo wajen ƙirji. Kada a ɗaga masa kai sama don a samu ganin ciki. Tocila aka tanada don haka. Wanda ba ya iya zama sam, a juya shi ya kwanta a gefe, fuskarsa ta ɗan kalli ƙasa, a shimfiɗa tawul a ƙarƙashin kuncinsa yadda ruwa zai zubo waje da kansa. Idan yana gyangyaɗi ko hankalinsa ya yi nisa, a tashe shi sosai tukuna.

Mai kula ya tsaya a gefensa, ɗan baya kaɗan, ya tallafi haɓa da hannu ɗaya. Tsayuwa a gaba kai tsaye tana tsorata wasu, kuma tana sa hannu ya karkace wajen goge haƙoran ciki.

3. Duba baki da kwashe ragowar abinci

A shafa ɗan basilin ko man kaɗe a leɓe kafin a buɗe, don kada busasshen leɓe ya tsage. Wanda aka sa wa iskar oksijin ba a shafa masa basilin ko wani mai. A jiƙa leɓen da ruwa kawai, a tambayi ma'aikacin jinya abin da ya dace. Idan akwai haƙoran roba a fara cire su a sa a ruwa. Daga nan a haska tocila a duba dasashi da harshe da ƙarƙashinsa da ganɗa da cikin kumatu. Wannan dubawa ba ta wuce rabin minti, amma da ita ce mai kula zai san yadda bakin yake a kullum, har ya gane ranar da wani abu ya sauya.

A naɗe yatsa manuniya da jiƙaƙƙen bandeji da aka matse, a zura shi ta gefen baki tsakanin kunci da haƙora, a sharo daga baya zuwa gaba. Mai shanyewar ɓarin jiki yana tara abinci a kuncin da ya mutu ba tare da ya ji ba, kuma abin da ake samu a nan yakan ba wa mai farawa mamaki: lomar tuwon jiya, dusar goro da ta yi ja ta manne, wani lokaci har ƙwayar magani da ba ta wuce ba, ta narke rabi ta ƙona fatar wurin. Yatsa ya tsaya a wajen haƙora. Kada a taɓa sa shi tsakanin na sama da na ƙasa, domin cizon wanda ba ya cikin hayyacinsa ba shi da linzami. Idan yana yawan datse baki, a naɗe mariƙin wani buroshi da ƙyalle mai kauri a sa masa a tsakanin turamen gefe ɗaya ya ciza, a goge ɗaya gefen, sannan a sauya. Ba a ɓamɓare baki da cokalin ƙarfe.

4. Goge haƙora

A sa makilin kamar girman ƙwayar wake, ba a cika buroshi daga kai zuwa gindi ba. Ga wanda ba ya iya tofarwa, a shafa ɗan kaɗan kawai a danna shi cikin gashin buroshin, kuma kada a jiƙa shi sharkaf, domin yawan ruwa ne yake kawo yawan kumfa.

Wurin da ake nufi shi ne bakin dasashi, ba farin haƙorin da ido yake gani ba. A kwantar da gashin buroshi a karkace, rabinsa a kan haƙori rabinsa yana taɓa dasashi, a riƙa ɗan juya shi a wuri ɗaya a hankali, haƙora biyu ko uku a lokaci guda, sannan a matsa gaba. Ba a jan buroshi daga wannan kunci zuwa wancan da ƙarfi, domin hakan ne yake yanka rami a wuyan haƙori. A riƙe shi da yatsu uku, ba da dunƙulallen hannu ba. Idan gashinsa yana bajewa a kan haƙori, to dannawar ta yi yawa.

A bi tsari ɗaya kullum don kada a tsallake wani wuri. Nakan fara daga turmin ƙarshe na sama ta wajen kunci, in zagaya zuwa ɗaya gefen, in dawo ta ciki, sannan in goge saman da ake tauna da shi, in sauka ƙasa in maimaita. Wurare biyu ne aka fi bari: bayan haƙoran gaba na ƙasa ta wajen harshe, inda kanta ta fi taruwa, wanda sai an miƙe buroshi tsaye ake kai masa, da kuma gefen haƙorin da yake fuskantar giɓi. Bakin tsoho yakan kasance haƙori ɗaya a nan, biyu a can, kuma haƙorin da ya rage shi kaɗai sai an zagaye shi ta kowace fuska. Haƙorin da yake girgiɗi ma ana goge shi, a tokare shi da yatsa ta waje a yi masa a hankali. Haka haƙorin Makka, domin zinariyar ba ta ruɓewa amma bakinta da ya haɗu da dasashi yana riƙe dauɗa.

Gaba ɗaya aikin minti biyu ne na gogewa, amma ba dole a yi shi a numfashi ɗaya ba. A riƙa tsayawa ya haɗiye yawu ko ya tofar ya huta. Idan ya fara tari ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro, a dakata nan take, a sunkuyar da shi gaba har ya daidaita.

A kwanakin farko dasashi zai yi jini, kuma a nan ne yawancin masu kula suke tsorata su daina, suna zaton sun ji masa ciwo. Jinin alama ce ta kumburin da dauɗa ta riga ta haifar, kuma idan aka ci gaba da gogewa a hankali yakan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ake kai wa likita shi ne jinin da yake zuba da kansa, ko wanda ya ƙi tsayawa, musamman ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin.

5. Tsakanin haƙora da harshe

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙora. Idan ana samun ɗan siririn buroshin da aka yi don wannan wuri, shi ya fi sauƙi ga mai kula fiye da zaren sakace, kuma sau ɗaya a rana ya isa. Idan babu, tsinken sakace mai santsi zai fitar da nama ko zaren kuɓewa da ya maƙale, amma ban da tsinken tsintsiya da allura da ashana. Harshe kuma a goge shi daga tsakiya zuwa gaba sau uku ko huɗu, kada a zurfafa har ya yi kakarin amai.

6. Tofarwa da sharewa

Wanda yake iya tofarwa ya tofar da kumfar a roba, amma kada ya kurkure da ruwa bayan makilin. Wannan yana saɓa wa abin da muka saba, sai dai ɗan abin da ya rage a jikin haƙora shi ne yake ci gaba da kare su. Wanda ba ya iya tofarwa, ko yake ƙwarewa da ruwa, kada a ɗura masa ruwa a ce ya kurkure. A share kumfar da jiƙaƙƙen bandeji, ana sauya shi har bakin ya fita. A wanke buroshi a tsayar da shi ya bushe a sarari, a sauya shi duk bayan wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje.

7. Bakin da babu haƙori ko ɗaya

Shi ma ana tsabtace shi sau biyu a rana. A shafe dasashi da ganɗa da cikin kumatu da harshe da jiƙaƙƙen bandeji ko buroshi mai laushi, ba sai da makilin ba. Idan akwai busasshiyar majina da ta manne a ganɗa, kada a ɓantare ta a bushe. A ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai na ɗan lokaci har ta saki.

8. Haƙoran roba

Ba a kwana da su a baki. Dasashin da yake rufe dare da rana yakan yi ja wur a ƙarƙashin robar, gefen baki ya tsattsage, kuma ƙwayar cuta mai kama da gansakuka ce take yaɗuwa a wurin. Haƙorin roba na ƙasa yana fita da sauƙi idan aka ɗaga shi. Na sama kuma a kama shi ta gaba a ɗan girgiza shi har iska ta shiga ya saki. A wanke su a saman roba mai ruwa, domin suna da santsi kuma faɗuwa ɗaya a siminti tana iya raba su biyu. A yi amfani da buroshi na dabam da sabulun ruwa marar ƙamshi, a goge ciki da waje, a ɗauraye sosai. Makilin yana karce robar, ruwan zafi yana lanƙwasa ta, bilic kuma yana cin ƙarfen da ke jikin wasu. A ajiye su a kofin ruwa mai tsabta mai murfi har safiya, a sauya ruwan kullum.

Idan tsoho ya rame, haƙoran sukan yi masa yawa su riƙa kaɗawa suna ji masa ciwo. Kada a goge su da wuƙa ko a liƙa wanda ya karye da gam, a kai wa likitan haƙori ya gyara. Ƙaramin haƙorin roba mai ɗaya ko biyu da ya yi sako-sako kuwa gara a cire shi daga bakin wanda hankalinsa ya raunana, domin ana haɗiye shi.

9. Bushewar baki

Ba tsufa kaɗai ke kawo ta ba. Magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, da na mura da ƙaiƙayi, da na barci da damuwa, duk suna rage yawu, haka ma ciwon suga da barci da baki buɗe, kuma lokacin hunturu abin yana ƙaruwa. Alamarta ita ce harshe ya yi ja ya tsattsage, yawu ya yi kauri, abinci ya riƙa manne wa ganɗa. A riƙa ba shi ruwa kurɓi-kurɓi a tsawon yini idan yana iya haɗiya, ko a jiƙa masa baki da ƙyalle duk bayan sa'o'i biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a riƙa ba shi alewa ko minti ya tsotsa, ko shayi mai suga daga safe har dare. Baki marar yawu, idan yana haɗuwa da suga a kai a kai, yana iya lalata haƙoran da suka shekara saba'in lafiya. Ruwan kurkure baki mai ɗauke da barasa yana ƙara bushewar. Mai iya kurkura ya yi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Kada a dakatar da wani magani saboda bushewar baki, a gaya wa likitan da ya rubuta shi, wataƙila ya sauya.

Idan ya ƙi

Mai gigin tsufa yakan datse baki, ya ture hannu, wani lokaci har da zagi. Ba a danne shi. A bar shi a dawo bayan rabin sa'a, ko a gwada wani ɗa ko jika da yake saurara wa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a damƙa masa buroshin ko aswakin a hannunsa, mai kula ya ɗora nasa hannun a kai ya kai shi baki, domin hannu yakan tuna aikin da ya shekara yana yi ko da kai ya manta. Idan gefe ɗaya kawai aka samu yau, a fara da ɗaya gefen gobe. A kuma tuna cewa ƙin buɗe baki, ko ƙin abincin da yake so, ko yawan dafe kunci, na iya zama ciwon haƙori ne a wajen wanda ba ya iya faɗa.

Lokacin zuwa asibiti

Gyambo ko farin tabo ko jan tabo ko ƙullutu a baki da ya wuce mako 3 bai warke ba yana buƙatar likita ya gani ko da ba ya ciwo, musamman ga wanda ya daɗe yana shan sigari ko sa taba gari a baki, domin sankarar baki takan fara a haka. Kumburin fuska ko na ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya da numfashi, ba a kwana da shi a gida. Farin abu mai kama da kindirmo a harshe da kumatu, wanda idan an share shi wurin yake yin ja, yana buƙatar maganin da likita zai rubuta. Dasashin da ya kumbura ya fara hawa kan haƙora kuwa yana iya zama daga maganin hawan jini irin su amlodifin da nifedifin. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar a duba masa dasashi, domin ciwon dasashi da hauhawar suga suna ƙarfafa juna.

Kafin a samu zuwa, farasitamol bisa ƙa'ida da kurkura da ruwan gishiri suna rage zafi, kanumfari ma yana ɗan kashe shi na wani lokaci. Kada a danna asfirin a jikin dasashi, kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, kada kuma a bari mai cire haƙori na kasuwa ya taɓa tsohon da ke da hawan jini ko suga. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato suna da sashen haƙori, haka ma wasu asibitocin jihohi. Ko babu ciwo, ya kamata a kai shi a duba aƙalla sau ɗaya a shekara idan yana iya fita. Ranar zuwa a tattara duk magungunan da yake sha da kwalayensu a leda ɗaya, a haɗa da haƙoran robarsa da katin asibitinsa, a nemi layin safe, a kuma tabbatar mai ciwon suga ya karya kumallo ya sha maganinsa kafin a fita, sai fa idan likita ya ce a zo ba a ci komai ba.